Zaren Tawul a Gasar Zaƙaƙurai

Jama'a, yau motata ta ɗauki zafi a layin mai, ana tsaka da rana, ta fara huci kamar tukunyar da aka manta a kan wuta. Na fito da galan a hannu ina neman wanda zai taimaka mini da ɗan ruwa in zuba wa lagireto. Ina tunkarar motar da ke gabana sai na ga gilashi yana hawa sama a hankali. Ta biyu ma haka. A ta uku wani bawan Allah ya ɗaga mini babban yatsa ta cikin gilashi, yana motsa baki yana cewa, "Na danna, Baba, wallahi na danna tun tuni." Na nuna masa galan, ya ƙara ɗaga yatsa. Wani matashi a kan babur ya leƙo ya ce, "A'a, Baba Laik ne? Yau ma wata gasar aka buɗe?"

Haka na tsaya da galan babu komai a ciki, har layi ya zagaye motata kamar yadda ake zagaye rami a titi. Da na samu ruwan, man ya ƙare. To tunda dai sunan ya bi ni, gara in faɗa muku da bakina yadda dattijo mai furfura ya zama Baba Laik, kafin maƙwabcina mai aski ya riga ni, don shi idan ya ba da labari sai ya ƙara masa hannu da aljihu.

Ina da 'ya, ita ce autarmu. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ita ta laƙaba mata Me-ya-sa, domin tun tana koyon magana ba ta da wata kalma sai wannan. Me ya sa wata yake bin mu? Me ya sa albasa take sa kuka? Me ya sa Baba yake cewa yana zuwa alhali tafiya yake yi? Da ta shiga sakandare na ɗauka malamai za su karɓe ni, ashe waya ce za ta karɓe mu duka. Tsohuwar wayar yayanta ce, fuskarta a tsage kamar ƙasar da ta shekara ba ruwa, amma a cikinta yarinyar nan ta tara malamai fiye da na makarantarsu. Akwai wani tsoho da take kira Malam Sanƙo, yana can wata duniya yana magana da harshen da rabinsa kawai take ji, sauran ta karanta a ƙasan hoto. Akwai wata mata mai yanka ganye tana nuna jijiyoyinsa. Akwai kuma wani guruf na yara sa'anninta, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba, suna ta jifan juna da tambayoyi.

Ba zan ɓoye muku ba, abin yana burge ni, yana kuma ba ni tsoro. Yarinyar ta san kan komai, amma ban ga ta taɓa kai wa wutsiyar komai ba. Da safe taurari, da azahar ƙashin kifi, kafin la'asar ta koma yadda ake ƙera batir. Malaman nata ma ba ta barinsu su yi magana yadda Allah ya halicce su, sai ta ƙara musu sauri, ka ji Malam Sanƙo yana zuba kamar an biyo shi. Wata rana ina yi mata nasiha a kan muhimmancin haƙuri, na ɗauko zancen tun daga zamanin da nake zuwa makaranta a ƙafa, sai ta dube ni cikin ladabi ta ce, "Baba, ba a iya ƙara maka sauri?"

Uwarta ta juya baya tana wanke kofin da ta riga ta wanke. Kafaɗunta ne kawai suke rawa.

Kada ku ce makarantar ba ta da kayan aiki. Tana da su, Allah ya saka wa manyanmu. Akwai ɗakin gwaje-gwaje guda, an shafe shi da fenti, an sa masa labule. A ciki akwai madubai na duba ƙananan halittu, sababbi fil, kowanne a ledarsa, kowace leda a kwalinta. Abin da ya rage kawai shi ne Mai Girma Ma'ajin Almakashi, Uban Zaƙaƙurai, Inuwar Masu Basira, ya samu sarari ya zo ya yanke zaren buɗewa. Kwalayen sun riga Me-ya-sa shiga makarantar, ga shi tana shirin fita ta bar su. Yara kan leƙa ta taga su gaishe su. Ranar jarrabawa kuma a ce su zana madubin su sa wa kowane sashe suna, su kuwa su zana kwali a zuciyarsu, su zana madubi a takarda.

Sai kuma aka hana riƙe waya a makaranta. Mai Girma da kansa ya sanar, kai tsaye a soshiyal midiya, ya ce wayoyi sun lalata tarbiyyar yaranmu, sannan ya roƙi masu kallo su yaɗa bidiyon don saƙon ya kai ko'ina. Shugaban makaranta ya samo bokiti ya ajiye a bakin ofis, duk wayar da aka kama a jefa ta ciki.

To a gida ne fa aka yi abin. Me-ya-sa ta ga wani yaro a guruf ɗinsu ya haɗa madubi da hannunsa, ita ma ta tashi. Ta fasa wata 'yar tocilar wasa mai jan haske, ta zaro ɗan gilashin da ke bakinta, bai fi ƙwayar gero ba, ta maƙale shi a idon kyamarar waya da abin kama gashin uwarta. Ta ɗora wayar a kan littattafai, ta sa tocila a ƙasa, ta ɗiga ruwan famfonmu a kan gilashin wani tsohon agogon bango. Sannan ta kira ni.

"Baba, zo ka gaisa da maƙwabta."

Na sa tabarau na duba. Jama'a, gari guda na gani. Wasu na iyo, wasu na juyi kamar mashaya, wani mai gashi-gashi ya zo ya tsaya daidai tsakiya kamar yana jiran in ba shi wuri.

Na ce, "Waɗannan a ina suke?"

Ta ce, "A ruwan da ka sha yanzu."

Ranar nan da ƙishi na wuni. Amma da na ga yadda idonta yake ƙyalli, tana bin wani ɗan mitsitsi da yatsa tana cewa, "Baba ka ga yadda yake rabewa biyu," sai na manta da ƙishin. A karo na farko na ga ta zauna a kan abu ɗaya har abinci ya huce.

Ana cikin haka aka kafa Kwamitin Zaƙulo Zaƙaƙurai. Kun san mu da kwamiti, ba ma rasa na sakawa a gaba. Aka ce kowane yaro mai basira ya ɗauki bidiyon abin da ya ƙirƙira ya ɗora a shafin kwamiti. Wanda ya ci za a ba shi kwamfuta, a kuma ba shi gurbi a Cibiyar Zaƙaƙurai, inda aka ce har ɗakin gwaje-gwajenta a buɗe yake. Wannan kalma ta "a buɗe" ita ta hana 'yata sukuni. Ni kuma da na san ba ni da halin kai ta irin makarantun da ake taɓa madubi da hannu, sai na ce wannan ƙofa ce Allah ya buɗe mana.

Na tambayi maƙwabcina mai aski, wanda ya fi rediyo sanin labari, su wa za su yi alƙalanci. Farfesoshi? Likitoci?

Ya ce, "Malam, kana baya. Jama'a ne alƙalai. Wanda ya fi laik shi ya ci."

Na ce, "Wato idan yaro ya gano maganin ciwon daji, wani kuma ya koya wa akuya rawa..."

Ya ce, "Ka fara neman akuya." Ya danna mini kai ƙasa ya ci gaba da aski.

Shugaban makaranta kuwa ya shiga tsaka mai wuya: doka ta ce a kama waya, kwamiti ya ce a yi bidiyo da waya, kuma bakin da ya faɗi wannan shi ya faɗi wancan. Sai ya fito da bokiti tsakar fili ya ce kowa ya ɗauki tasa aro, amma kada a kuskura a yi karatu da ita, gasa kawai.

Bidiyon farko da Me-ya-sa ta yi, ni dai a wurina ya fi wa'azin wasu. Ta zauna ta bayyana yadda ta haɗa madubin, ta nuna halittun ɗaya bayan ɗaya, wanda ta san sunansa ta faɗa, wanda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Ya yi tsawo, gaskiya. Waɗanda suka danna masa laik su ne ni, da uwarta, da yayanta, da mai aski. Shi mai askin don ƙauna sau biyu ya danna, na biyun ya goge na farkon.

A ranar ta ga wani yaro da ya jefa alewa a kwalbar lemo ta yi tsiri ya tara dubbai. Ta ƙura wa bidiyon ido. Na san wannan kallon, irin wanda take yi ne idan ta samu sabon darasi. Kuma ta koye shi, don kan nan nata ba ya zaɓen abin da zai ɗauka. Cikin 'yan kwanaki ta gane cewa idan ba ka tsorata mutum a numfashin farko ba ya wuce. Ta gane irin kiɗan da ake sawa, da yadda ake zaro ido a riƙe baki. Ta daina nazarin halittun ruwa ta koma nazarin mutane, su kuwa sun fi sauƙin ganewa.

Sai ga sa'a ta faɗo. Wata safiya ta ɗiga ruwa ta ga wani dogon abu, shuɗi-shuɗi, yana lanƙwasa a hankali a tsakiyar ɗigon. Ta ɗauke shi, ta sa masa kiɗan fim ɗin aljanu, ta rubuta da manyan baƙaƙe: KALLI TSUTSAR DA KAKE SHA. Bidiyon bai kai tsawon hamma ba.

Kafin azahar wayar ta fara zafi. Kafin washegari, matar da ke sayar wa uwargida kayan miya ta nuna mata bidiyon tana cewa ta ga abin da ake fama da shi, ba ta san 'yar gidan ce ta yi ba. Muka hau sahun gaba a gasar, mu da wani yaro da ya haɗa hoton Mai Girma da murafen kwalba. A nan ne na ɗaura ɗamara. Na bi 'yan uwa, na bi abokan aiki, na bi waɗanda muka yi shekaru ba ma gaisawa na nemi sulhu. Da suka ƙare na faɗa layin mai, inda Allah ya tara mini jama'a wuri guda ba su da hanyar gudu. Taga bayan taga ina cewa, "Bawan Allah, ba kuɗi nake roƙo ba, yatsa kawai." Kun ji asalin sunan.

Uwarta ce ta fara ankarar da ni. Ta ce, "Malam, ka lura yarinyar nan ta daina leƙa madubin? Lamba kawai take leƙawa. Idan ta hau ta yi dariya, idan ta tsaya ta ƙi cin abinci."

Na ce, "Ki bari a ci gasar tukuna, sai ta koma."

Ta ce, "Allah ya sa ta tarar da hanyar."

Muka kuma yi babban baƙo. Wani mai sheƙi, mota har ƙofar gida, ya gabatar da kansa a matsayin Mai Taimaka wa Mai Ba da Shawara na Musamman kan Kwantar da Hankalin Jama'a. Ya ce manya sun ga bidiyon, sun yaba da basirar yarinya ƙwarai, shi ya sa suke ba da shawarar a sauke shi. Ya ce ruwan garin nan an gwada shi, an tabbatar, an ma ba shi lambar yabo. Na ce madalla, na sa aka kawo masa kofi guda daga famfo, mai sanyi. Ya dubi kofin, kofin ya dube shi. Ya ce likita ya hana shi shan ruwa tsakanin abinci da abinci. Muka rabu a kan za mu yi shawara.

Abin da babban mutum da motarsa bai iya ba, wata 'yar yarinya ta yi shi da layi biyu. A cikin dubban sharhi, masu salati da masu zagin hukuma da masu tallan atamfa, sai ga wata mai hoton kyanwa ta rubuta: "Wannan ba tsutsa ba ce, zare ne. Da me kika goge gilashin kafin ki ɗiga ruwan?"

Me-ya-sa ta karanta ta yi tsaki. Ta ce hassada ce. Ta ce wannan mai kyanwar ko madubi ba ta taɓa gani ba. Ta shiga shafinta don ta samo abin mayar da martani, sai ta tarar yarinya ce sa'arta a wata ƙasa mai nisa, shafin cike da hotunan ƙananan halittu, kowanne da sunansa, mabiyanta kuma ba su cika aji guda ba. Ta rubuta mata cikin fushi, "To me ya sa yake motsi?" Mai Kyanwa ta amsa, "Akwai fanka a ɗakin? Ki kashe. Ki tafasa ruwa, ki goge gilashi da abin da kika goge wancan, ki sake dubawa."

Ina zaune a falo ta wuce ni ta shiga banɗaki, ta fito da tawul ɗina. Shuɗi ne, jama'a. Na bi ta ɗaki ba tare da an gayyace ni ba. Ta goge gilashi, ta ɗiga tafasasshen ruwa wanda ba abin da zai rayu a cikinsa, ta duba. Ga tsutsa nan, har uku, kwance lafiya. Ta kunna fanka suka fara lanƙwasa. Ta kashe suka tsaya.

Ta zauna a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa. Na daɗe ban ga ta yi irin wannan kuka ba, marar sauti, sai kafaɗa. Na tsaya da tawul a hannu kamar wanda aka kama da kayan sata. Rabin gari sun daina shan ruwa saboda abin da nake goge ƙeya da shi.

Gasar kuwa saura ƙiris a rufe, kuma muna gaba.

Mai aski ya zo har gida da shawara. Ya ce, "Malam, wa ya sani? Ku uku ne, sai wata mai kyanwa a bayan duniya. A goge sharhinta, a toshe ta, shi ke nan. Kuma ai ruwan ba shi da kyau ɗin, ƙarya ce ta faɗi gaskiya. Manya ma da hoton gadar wata ƙasa suke nuna mana aikinsu."

Ni dai na yi ta gyaran murya. Ina son in ce a faɗi gaskiya, ina kuma hango ɗakin gwaje-gwajen nan da aka ce a buɗe yake. Na ce, "To, ai ba laifi a ɗan jira a rufe gasar, sannan a yi gyara a natse."

Uwarta ba ta ko kalle mu ba. Ta durƙusa gaban yarinyar ta ce, "Auta, ni ban san tsutsa ba, ban san zare ba. Ke kin sani?"

Ta ce, "Na sani, Mama."

"To shi ke nan." Ta tashi ta koma kicin.

Da la'asar Me-ya-sa ta wanke fuska, ta jingina waya, ta yi bidiyo ba kiɗa ba zaro ido. Ta ce, "Na yi kuskure. Abin da na nuna muku ba tsutsa ba ne, zaren tawul ne." Ta nuna gwajin daga farko har ƙarshe, da fanka da komai, ta ambaci wadda ta gyara mata. Sannan ta ce, "Amma ƙananan da kuka gani suna iyo a gefe, su na gaske ne, suna cikin ruwan famfonmu. Ban san wanne ke cutarwa ba tukuna. Ina koyo." Ta sauke tsohon bidiyon da hannunta, dubban laik ɗin da na bi taga-taga na tara suka tafi da shi.

Abin da ya biyo baya kun san shi, wataƙila ma da ku aka yi. Waɗanda suka ce mata gwarzuwa da safe suka ce mata maƙaryaciya da yamma. Wasu suka ce an saye ta. Wani ya ce tun farko shi ya san tawul ne. Aka yi mini waƙa.

Amma kada ku raina manyanmu, akwai basira a can sama. Washegari sai ga bidiyon 'yata a shafin kwamiti, an yi masa aski irin wanda maƙwabcina bai taɓa yi ba. Ya fara daga "Na yi kuskure," ya ƙare a "zaren tawul ne." Sauran duk an share. A ƙasa aka rubuta cewa wata haziƙa ta tabbatar da ingancin ruwanmu ta hanyar kimiyya, don haka an naɗa ta Jakadiyar Ruwa Mai Tsabta, za a karrama ta ranar rufe gasa. Ba wanda ya tambaye ta. Ta rubuta a ƙasa cewa a saka sauran bidiyon, sharhin nata ya ɓace kafin ta ajiye wayar.

Ranar taron na saka kayana masu kyau na leƙa ɗakinta. Tana zaune da kayan gida.

Na ce, "Auta, ba ki shirya ba?"

Ta ce, "Baba, yau ne kawai Mai Kyanwa take samun wayar mamanta. Mun fara wani littafi, mun tsaya a babi na biyu."

Na leƙa wayar. Littafi ne na gaske, rubutu tsagwaro, shafi bayan shafi, ba mai rawa ba mai kiɗa. Na ce, "Wannan ana ƙara masa sauri?"

Ta ce, "Na gwada. Ba ya yi." Sai ta ƙara da cewa, "Kuma idan na je zan faɗi sauran maganar, Baba. Ka san zan faɗa."

Na san za ta faɗa. Na kuma san a irin taron nan lasifika takan mutu daidai lokacin da ya kamata. Na ce ta zauna, ni zan wakilce ta.

An ce ƙarfe goma. Mai Girma Ma'ajin Almakashi ya iso bayan mun gama sanin tarihin juna ni da na kusa da ni. Ya hau mumbari ya yi jawabi mai ratsa jiki a kan illar waya ga ƙwaƙwalwar matasa, wayoyi kusan ashirin na hadimansa suna ɗaukarsa ta kowace kusurwa, ɗaya ma a kwance yake a ƙasa don ya samo tsayinsa da kyau. Aka nuna mana Cibiyar Zaƙaƙurai a majigi: bene mai hawa da yawa, da ciyawa, da ruwa yana tsiri, da wasu yara masu jan gashi suna dariya. Aka ce an kusa samun fili.

Yaron murafen kwalba ne ya ci. Laik ɗinsa ya fi yawan mutanen garin nan har da na maƙabarta, kuma yawancin masu dannawar sunayensu da wani irin rubutu ne da ban taɓa gani ba, alamar dai basirarsa ta ƙetare teku. An ce ɗan ƙanwar wani ne a kwamiti, amma ni ban gani ba, kuma yaron ya yi ƙoƙari, hancin ma ya fito. Aka miƙa masa kwalin kwamfuta, aka ɗauki hoto, wani hadimi ya karɓi kwalin da yatsa biyu ya mayar bayan labule.

Sai aka kira Jakadiya. Na hau. Mai Girma ya kama hannuna yana kallon kyamara, ya ce ta gefen baki, "Ina yaron?"

Na ce, "Yarinya ce, ranka ya daɗe. Tana gida tana karatu."

Ya juyo ya dube ni sosai a karo na farko. Ya ce, "Karatu? Yau, ranar zaƙaƙurai?" Ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce yaran yanzu sai addu'a. Ya ɗora mini wani allon gilashi mai kauri, mai nauyin bulo, an zana ɗigon ruwa yana murmushi.

Na dawo gida na tarar ana rigima. Me-ya-sa ta sunkuya a kan madubinta, muryar Mai Kyanwa tana fitowa daga tsohuwar wayar uwargida, suna musu a kan wani mitsitsi mai ƙafafu. Wannan ta ce kaza ne, waccan ta ce a ƙirga ƙafafun tukuna, a duba shafi na kaza. Hoton yana ta rawa domin littattafan da ta tara a ƙarƙashin wayar sun ƙi zama daidai. Na ajiye allon a gefenta. Ta dube shi, ta ɗaga, ta auna kaurinsa da yatsa. Ba ta ko karanta rubutun ba. Ta ture littattafan, ta kwantar da shi a kan kofuna biyu, ta sa tocila a ƙasa, ta ɗiga ruwan famfo daidai kan fuskar ɗigon nan mai murmushi, sannan ta saita wayarta a samansa.

Hoto ya tsaya cak. Haske ya ratso gilashin tas, ga jama'ar ruwa nan suna ta kai da kawo, sun fi na kullum fitowa.

Ta ce, "Baba, wannan gilashin mai kyau ne. Ka ce mun gode." Ta koma musunta.

Don haka ina amfani da wannan fili in miƙa godiyar iyalina ga Mai Girma Ma'ajin Almakashi, Uban Zaƙaƙurai, Inuwar Masu Basira. Masu cewa ba ku taɓa ba ɗalibi kayan gwaji ya taɓa da hannunsa ba, yau sun ji kunya. Kun bayar, ranku ya daɗe, kuma yana aiki. Ku dai kada ku damu, ba zan gaya wa kowa cewa ba da gangan kuka yi ba.